Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu: Wacce Ta Dace da Fadama da Kwaltar Jihar Kebbi?

Duk wanda ke da gona a fadamar Argungu ko ta Suru, ko yake sayen hatsi a ƙauyukan ƙasar Zuru, ya san cewa daga watan Yuli zuwa Satumba akwai hanyoyin da ƙaramar mota ba ta shiga, kuma ya san cewa kayan da aka fito da su daga can sai sun hau kwalta kafin su isa kasuwar Jega ko Sakkwato. Wannan ne ya sa mutane ke neman tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, tunda kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin mafi yawan jama'a. Abin da nake so mai saye ya riƙe tun farko shi ne, babu motar da ta iya taɓo ta kuma iya kwalta daidai wa daida. Duk abin da aka ƙara mata domin ta iya daji, an rage mata wani abu, ko dai a sauƙin tafiya, ko a saurin tsayawa, ko a tattalin mai. Saboda haka kafin a nemi dillali, ya kamata mutum ya zauna ya ƙiyasta da gaskiya yawan tafiyar da zai yi a daji da wadda zai yi a babban titi, da kuma abin da zai riƙa ɗauka, mutane ne ko buhuna.

Ƙasar Kebbi ba iri ɗaya ba ce. Wajen Kangiwa da Kamba rairayi ne ke cinye ƙafar mota. A fadamun Gulbin Rima da bakin Kogin Kwara laka ce mai danƙo da mashigai na ruwa. A Zuru da Danko-Wasagu kuwa duwatsu da kwazazzabai ne ke bugun ƙasan mota. Sannan ga babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Jega da Koko da Yawuri ya nufi Kontagora, inda direba ke buƙatar burki mai kyau da injin da zai iya wuce tirela ba tare da ya daɗe a hannun da ba nasa ba.

Idan kaya ne aikin, ina ganin babu wadda ta kai a-kori-kurar Toyota Land Cruiser ta jerin 70. An fara ƙera wannan jeri a 1984, kuma har yanzu kamfanin bai daina yin sa ba, wanda shi ne babban dalilin da ya sa kayan gyaransa ba su yanke ba. Samfurin 75 yana da sifirin mai falle-falle gaba da baya, abin da ke ba shi juriyar ɗaukar nauyi, amma idan babu kaya a baya yana jijjiga mutum ƙwarai a kan hanyar burji. A 1999 aka maye gurbinsa da samfurin 79, wanda aka sa masa sifirin mai naɗi a gaba, tafiyarsa ta ɗan yi laushi. Injin da ya yi suna a waɗannan motoci shi ne 1HZ, na dizal, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji don ƙarin ƙarfi, kuma famfonsa na mai ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, don haka bakaniken da ya san injin dizal zai iya buɗe shi ya gyara. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, shi ya sa a laka yake ja a hankali ba ya gajiya, amma a kwalta, da lodin shinkafa a baya, wuce babbar mota sai an yi lissafi tun daga nesa. A lura cewa bel ne ke daidaita lokacin wannan inji, kuma ana sauya shi bayan kamar kilomita 100,000. Idan mai sayarwa bai san ranar da aka sauya ba, a ɗauka ba a sauya ba, a sa kuɗinsa cikin ciniki, domin tsinkewarsa na iya lalata kan injin. Haka kuma tsofaffin 75 ba su da jakar iska mai kare direba, kuma tsayinsu ya sa ba sa yafe wa wanda ya shiga kwana da gudu.

Wanda mutane ne zai riƙa ɗauka, iyali ko ma'aikatan gona, kuma rabin tafiyarsa ko fiye a kwalta take, ya fi kyau ya dubi Land Cruiser 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997. A ganina ita ce ta fi kusa da biyan buƙatu biyun. Aksul ɗinta, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, na gaba da na baya duka sanda guda ne mai ƙarfi kamar na 75, amma sifirin mai naɗi ne a ƙafafu huɗun, saboda haka tana lanƙwasa ta bi rami da tudu, kuma a babban titi mutum zai yi tafiyar Birnin Kebbi zuwa Yawuri bai sauka da ciwon baya ba. Da yawa daga cikinsu ƙafafu huɗun ke ja a kowane lokaci, wanda ke taimakawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Matsalarta shan mai ne. Injin fetur ɗinta, 1FZ-FE mai lita 4.5, inji ne mai ƙwari, amma da wuya ya ba ka fiye da kilomita biyar zuwa shida a lita guda, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya zama abin da ke hana wasu fitar da motar daga gida. Wani wurin dubawa shi ne ƙwallon da ke bayan kowace tayar gaba, inda aksul ke juyawa da sitiyari. Idan ka leƙa ka ga baƙin giris ya cakuɗe da mai yana zuba, ko ka ji ƙas-ƙas lokacin da aka karya sitiyari gaba ɗaya ana tafiya a hankali, to akwai aikin da ke jira. Wadda ta gaje ta a 1998, wato 100, ta fi daɗi a kwalta, sai dai ƙafafunta na gaba kowace da nata hannu, ba sanda guda ba, kuma kayan lantarkinta sun fi yawa. Akwai 'yar'uwarta 105 da ta riƙe tsohon aksul na gaba, kuma idan aka same ta da lafiya ta cancanci a tsaya a kanta.

Nissan Patrol ita ce abokiyar hamayyar Land Cruiser, kuma mutane na raina ta fiye da yadda ya kamata. Samfurin Y60 ya fito a 1987, Y61 kuma a 1997. Aksul da giyarta suna da kauri ƙwarai, kuma injinta na dizal TD42 mai lita 4.2 haƙoran ƙarfe ne ke daidaita lokacinsa, babu bel ɗin da za a ji tsoron tsinkewarsa. Sau da yawa kuɗinta bai kai na Toyota mai shekaru irin nata ba. Abin da ke rage mata daraja a wurinmu shi ne kayan gyara: abin da za a samo wa Toyota a Birnin Kebbi ko Sakkwato cikin yini guda, na Patrol sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, mota na zaune a gareji ana tsakiyar girbi. Shawarata kuma a guji wadda ke da injin dizal ZD30 mai lita 3.0 na shekarun farko, domin ya yi ƙaurin suna wajen lalacewar fistin.

Gaskiyar da ba kowa ke son ji ba ita ce, mutane da yawa da ke neman Land Cruiser, Hilux ce ta ishe su. Ta fi sauƙin nauyi, abin da ke taimaka mata a rairayi, ta fi tattalin mai, kuma babu garin da za ka shiga a jihar nan ka rasa wanda ya san ta. Iyakarta ita ce ba ta ɗaukar dukan da 75 ke ɗauka, kuma galibin waɗanda ake sayarwa sun riga sun sha lodi fiye da kima a hannun kamfanoni da 'yan kasuwa, har shasinsu ya tsage a tsakanin kai da bodi.

Land Rover Defender ta Ingila tana hawa inda ake zaton mota ba za ta hau ba, kuma injinanta 200Tdi da 300Tdi na shekarun 1990 masu sauƙin gyara ne. Amma an daina ƙera tsohon samfurin a 2016, masu gyaranta sun ragu, kuma jikinta na alminiyam yana ɓoye tsatsar da ke cin shasin ƙarfe a ƙasa. Unimog ta kamfanin Mercedes na Jamus kuwa ta fi kusa da tarakta: ƙasanta na da tsayi sosai, laka ba ta tsayar da ita, amma a kwalta tana da nawa da ƙara, kuma sai babbar gona mai bakanikenta za ta iya riƙe ta.

Tsakanin dizal da fetur, kada a tsaya ga kuɗin lita kawai. Injin dizal ya fi tafiya mai nisa da lita guda, kuma ba shi da fulogi da wayoyin wuta da ruwa zai jiƙa a mashigi, amma gurɓataccen man jarka yana kashe famfo da nozul, gyaransu kuma ba arha ba ne. Idan injin ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, nan take sandar fistin ke lanƙwashewa, shi ya sa mai ratsa fadama ke buƙatar bututun shaƙar iska da ake ɗagawa zuwa saman gilashi.

Batun takardu ya fi komai tayar mini da hankali, saboda jiharmu tana iyaka da Nijar da Benin, kuma motar da ba ta biya kuɗin kwastan ba tana iya zuwa da fenti mai kyau da farashi mai daɗi. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta tsufa fiye da adadin shekarun da aka ƙayyade, wanda motocin 1990 sun daɗe da wuce shi. Ma'anar wannan ita ce, tsohuwar motar da za a saya da kwanciyar hankali ita ce wadda ta daɗe a cikin ƙasa da takardunta. A gwada lambar da aka buga a jikin shasi da wadda ke takarda, harafi bayan harafi, kuma idan an ga alamar walda ko goge a wurin, a bar cinikin komai arharsa. Idan gwanjon wata hukuma ce, a nemi takardar gwanjon. A guji wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, domin Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma juyin da aka yi da walda a gareji yana iya saki ana cikin gudu. A kuma nisanci fenti mai kama da na sojoji, wanda doka ta hana, balle a wannan lokaci da jami'an tsaro ke sa ido a kan irin waɗannan motoci.

Ranar dubawa, a je da bakaniken da mai saye ya yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma a je da sassafe kafin a tayar da injin, a taɓa shi a tabbatar da sanyi yake. Injin da ya gaji yana wahalar tashi da sanyi, kuma shuɗin hayaƙi na nuna yana ƙona baƙin mai. A buɗe murfin zuba baƙin mai injin na aiki. Idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi, ringi sun tafi. A shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma a bi shasi ana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ke kamawa, domin laka na kwana a nan ta haifar da tsatsa, kuma sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne. A kwance kusoshin aksul a duba mansu. Idan ya koma fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga ya zauna. Daga nan a fita bayan gari a sa giyar ƙarfi a kan ƙasa, a tabbatar ƙafafun gaba suna ja da gaske, domin akwai motocin da aka cire wa farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba, saboda gudun gyara, ana sayar da su a matsayin masu jan ƙafa huɗu. Sai a hau kwalta da rana tsaka a yi tafiya mai ɗan nisa ana kallon allurar zafi, tunda lagireton da ya toshe ba zai jure zafin Maris da Afrilu ba, lokacin da ake haura digiri 40.

Mai 75 ko Patrol ko Hilux ya sani cewa ba a barin ƙafa huɗu a haɗe a kan busasshiyar kwalta, saboda a kwana ƙafafun gaba da na baya ba sa juyi daidai, ƙarfin kuma a kan giya da farfela yake ƙarewa. Taya mai manyan haƙora tana cizon laka, amma a titi tana kuka, tana saurin cinyewa, kuma burki ba ya kama ta da wuri idan an yi ruwa; ga mai haɗa hanyoyi biyu, mai matsakaitan haƙora ta fi. A karanta lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira, domin tsohuwar taya na iya zama da haƙoranta cif amma ta fashe a zafin kwalta. Daga cikin kuɗin da aka tanada, a ware wani kaso mai kauri tun kafin a taya mota, saboda tayoyi, da burki, da bel, da robobin ruwa, da sauya dukkan mayuka, duk aikin makon farko ne.