Gidan Alfarma a Cikin The Sims 4: Sharhin Wani Jikan Magina

Ni malamin zanen gini ne a wata makarantar sakandare da ke karkarar Jigawa, tsakanin Kiyawa da Jahun, kuma a gidan magina na tashi, domin kakana da baffana duk da tubali da azara suka riƙe iyalansu. Wannan ne ya sa da wani tsohon ɗalibina ya nuna mini wasan kwamfuta mai suna The Sims 4, ban damu da ɓangaren da ake aurar da mutanen cikinsa ko a nema musu aiki ba, sai na wuce kai tsaye zuwa ɓangaren gini. Na shafe hutun ƙarshen zango ina gina gida guda ɗaya na alfarma irin na zamani, kuma a kan wannan aikin nake son in yi bayani ga duk mai tunanin gwada wasan.

Ba banza ba ginin ya zama ƙashin bayan wasan. Will Wright, wanda ya ƙirƙiro jerin wasannin The Sims, ya rasa gidansa a gobarar da ta ci wani yanki na birnin Oakland a Amurka a shekarar 1991, kuma tunaninsa na farko shi ne ya yi manhajar tsara gidaje, wadda mutanen cikinta za su zama ma'aunin kyawun tsarin. Wasan farko ya fito a 2000 daga kamfanin Maxis a ƙarƙashin Electronic Arts, na huɗun kuma a watan Satumba na 2014. Tun daga Oktoba na 2022 ake sauke tushen wasan kyauta, wato ainihin wasan ban da ƙarin fakitin da ake saya daban, sai dai kyautar tana da nauyi ga mutumin ƙauye, saboda yana buƙatar wurin da ya haura gigabait 20 a kwamfuta. Ni sai da na je Dutse na wuni a wani shago mai intanet mai ƙarfi kafin na samu ya sauka. Bayan haka ban ƙara buƙatar data don yin gini ba, abin da nake lura da shi kawai shi ne cajin sola, domin wasan yana shan batir sosai.

Kayan aikin ginin su ne suka fi burge ni, kuma a nan wasan ya cancanci yabo ba tare da ƙwauro ba. Fili yana zuwa a rarrabe murabba'i-murabba'i kamar takardar zanen da muke ba ɗalibai. Mutum yana jan ɗaki sukutum ya ajiye, ya kama bango ɗaya ya tura shi gaba ko ya jawo shi baya, ya ɗauki ɗakin da kayan cikinsa gaba ɗaya ya juya shi ya fuskanci wata nahiya, duk a cikin daƙiƙa kaɗan. Tsayin bango iri uku ne, kuma wanda ya zaɓi mafi tsayi a falo sannan ya bar matsakaici a bene zai ga da idonsa yadda tsayin rufi yake sauya martabar ɗaki, abin da nakan sha wahalar fahimtar da yara a kan allo. Tun 2019 ana iya lanƙwasa matakala ta karya kwana maimakon ta miƙe, tun 2020 kuma ana iya ɗaga wani sashe na daɓen ɗaki ya zama kamar dakali, wanda da shi na raba wurin cin abinci da wurin zama ba tare da na gitta bango ba. Rana tana tafiya a wasan, inuwa tana bin ta, don haka mutum zai iya duba gidansa da hantsi, ya sake dubawa da la'asar sakaliya.

Batun kuɗi ba ya tare hanya. Mutum ɗaya yana fara rayuwa da Simoleon 20,000, wato kuɗin cikin wasan, wanda ba ya wuce kuɗin ɗan ƙaramin gida, amma idan aka buɗe filin da babu kowa a kansa ana gini ne ba tare da an ƙayyade kuɗi ba, kuma akwai kalmar motherlode da ake rubutawa ta ƙara 50,000 nan take. Abin da ya kamata a sani shi ne gwargwadon tsadar gida gwargwadon takardar biyan da za ta riƙa zuwa kowane mako, kuma idan aka yi jinkiri ana yanke wuta. Wannan ɓangaren gaskiya ne tsagwaronta, domin ko a zahiri riƙe babban gida ya fi gina shi wuya.

Na zaɓi fili mai murabba'i 40 da 30 a garin Oasis Springs, saboda yashinsa da duwatsunsa da bishiyoyinsa masu kama da dabino sun tuna mini da hanyar shiga Dutse. Gidan da na fara yi irin wanda ake gani ne a hotunan intanet: fararen akwatuna biyu, ɗaya a kan ɗaya, na saman ya ɗan zarce na ƙasan, gaban gidan gilashi ne daga ƙasa har sama, ga tafkin wanka shimfiɗe a gaba yana kallon titi. Kayan da wasan ya tanada da kansu suke jan mutum zuwa wannan salon, saboda manyan tagogi da ƙofofin gilashi da baƙin tayil mai sheƙi su ne suka fi dacewa da juna, kuma a tsarin wasan gado mai tsada ya fi saurin wartsakar da mai barci, ɗakin da aka ƙawata kuma yana faranta ran mai shigarsa.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauki kwamfutar na kai wa Baffa a zaurensa. Ya gyara zaman tabarau, ya sa na juya masa gidan ta kowace fuska, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ɗora yatsa a kan gilashin gaban ya ce, "Ɗan nan, aikin ya yi tsafta. To amma ina zauren? Idan baƙo ya yi sallama, a ina zai tsaya?" Na ce, "Baffa, irin wannan ginin ba a yi masa zaure, falo ake shiga kai tsaye." Ya ce, "Wato mai wucewa a titi yana ganin uwargida tana tuƙa tuwo ke nan. Kuma wannan gilashin yamma yake kallo. A watan bazara wa zai iya zama a ciki?"

Tambayoyin nan biyu su ne suka nuna mini iyakar wasan. A tushensa babu yanayi ko kaɗan, babu zafin bazara, babu ƙurar hunturu, babu ruwan Agusta da ke gwada ƙarfin rufi, saboda haka gilashin da ke fuskantar yamma ado ne kawai wanda ba ya jawo wa mai gida wata wahala. Kuma alfarma a idon masu tsara kayan wasan ita ce gida ya buɗe kansa ga waje, alhali a wurinmu gidan mai hali shi ne wanda yake suturta iyalinsa, ya tara iska da inuwa a cikinsa.

Abin da ya ƙara wa wasan daraja a wurina shi ne da na rushe na sake, kayan aikin ba su hana ni ba. Na mayar da gilashin gaba ɗaya ya kalli ciki, ɗakunan suka kewaye tsakar gida ta fuska uku, tafkin ya dawo tsakiya da bishiya biyu a gefensa, bangon titi kuma ya zama doguwar katanga mai launin jar ƙasa wadda ba ta da komai sai 'yan siraran tagogi can sama. Na gina zaure mai tsayin rufi, na gocar da ƙofarsa ta ciki daga saitin ta waje yadda wanda ke tsaye a bakin ƙofa ba zai hango tsakar gida ba, sannan na sa shigifa a bayansa. Wasan yana ba da damar a ayyana ƙofar da baƙi za su riƙa ƙwanƙwasawa, a kuma kulle wata ƙofar ga kowa in ban da mutanen gida, kuma da na yi hakan sai na ga maƙwabci ya zo ya tsaya a zaure, ya zauna a kujerar da na ajiye, bai wuce ciki ba. Ban taɓa zaton manhajar da aka tsara a Amurka za ta iya kiyaye wannan ladabin ba. Rufin na bar shi shimfiɗaɗɗe kamar na soro, na kewaye shi da gajeren bango a matsayin rawani, turakar maigida kuma na ɗora ta a bene da barandarta tana kallon tsakar gida. Gidan bai rasa zamanancinsa ba, domin layukansa a miƙe suke, kicin ɗinsa a buɗe yake, fitilunsa a ɓoye suke a jikin bango.

Akwai abubuwan da suka gagara. Ban samu zanko na gaske ba, sai ginshiƙai na ƙanƙance na dasa a kusurwoyin rawani, kuma daga nesa kaɗai suke yin kama. Bakan gizo da ɗaurin guga, irin waɗanda ake gani a rufin Gidan Makama a Kano, babu hanyar yin su, haka nan zanen dagi a fuskar bango. An ƙara hijabi da hula a kayan sawa a 2019, abin da na ji daɗinsa, amma ɗakin salla sai da na haɗa shi da ƙaramar darduma da kantar littattafai. Bayanan wasan kuma babu su da Hausa, don haka wanda bai iya Turanci ba zai dogara ne da hotunan maɓallai, waɗanda a ɓangaren gini suna da sauƙin ganewa.

Wasu daga cikin giɓin nan ana cike su da ƙarin fakitin da ake saya daban. Seasons na 2018 yana kawo ruwan sama da zafi da sanyi, Eco Lifestyle na 2020 yana kawo faifan sola da injin iska, Courtyard Oasis na 2021 kuma kayan tsakar gida ne irin na Maroko, masu ƙofofi masu baka da tayil mai zane, kuma shi ne mafi kusa da ɗanɗanonmu. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya sayi ko ɗaya sai ya gama gida biyu ko uku da kayan tushe, domin gidan da na bayyana da kayan tushen kaɗai na gina shi.

Da na mayar wa Baffa da sabon ginin, ya bi shi daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida yana gyaɗa kai, sannan ya ce in matsar da kicin ɗin zuwa kusurwar da iska ba za ta kwaso hayaƙi ta kai ɗakunan kwana ba, ya kuma nuna mini wurare huɗu a jikin rawanin da ya kamata a fitar da indararo. Wasan ba shi da indararo, saboda haka a takardar da na kwafe tsarin don ɗalibaina na aji biyar na zana su da jan biro.