PWM ko MPPT: wace kwanturola ta dace da batirinka?

PWM da MPPT iri biyu ne na kwanturola, wato na'urar da ke tsakanin farantin sola da batir tana daidaita caji. PWM ta fi araha, aikinta kuma mai sauƙi ne: tana janyo ƙarfin farantin sola ya sauko daidai da na batir. In faranti ƙarami ne mai volt 18, batir kuma 12, asarar kaɗan ce. A zafin Maradi na watan Afrilu ma, farantin kansa ke rage volt, sai ratar da ke tsakaninta da MPPT ta ƙanƙance. Ga fitilu da fanka da cajin waya, ta wadatar.

Matsalar na tasowa idan aka haɗa babban faranti mai watt 300, volt wajen 30, da batir 12. PWM za ta ba da amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke shiga batir) kusan 10 kawai, fiye da rabin wutar ya tafi a banza. MPPT kuwa tana juya rarar volt ta zama amfiya, ta kai kusan 20. Mai firji ko shago, kada ya yi ƙwauron kuɗinta.

A kula da jabun MPPT: ta gaske tana da nauyi, da naɗin wayar tagulla a ciki.

Ko wace ka saya, batir ake fara haɗawa kafin faranti, da fiyus kusa da batir.