Saitin sitensil ɗin da na saya ta intanet: abin da ya ci kuɗinsa da wanda cika kwali ne kawai

Jama'a tunda na saka hoton jakunkunan walimar saukar nan ake ta tambayata ina na kai aka buga min rubutun, toh ba inda na kai fa, a tsakar gida na yi abina da sitensil, kuma tunda tambayar ta ƙi ƙarewa gara in yi bayanin kayan gaba ɗaya kowa ya huta.

Ga wanda bai sani ba, sitensil ba wani abu ba ne illa ka huda rubutu ko zane a jikin roba ko kwali, ka ɗora a kan yadi ko takarda ko bango, ka bi da fenti, fentin ya shiga ta hudar kawai. Irin lambar da ake bugawa a jikin adaidaita sahu, ko "an hana zuba shara a nan" da kuke gani a katanga harafin duk a yayyanke, toh shi ne.

Saiti guda na saya wajen wata mai sayar da kayan sana'ar hannu, daga Legas aka sako min a mota. A ciki akwai robar yankawa guda goma girman A4, irin mai hasken nan da ana ganin abin da ke ƙarƙashinta, a jikin ledar an rubuta Mylar, sai koren faifan nan mai layi-layi da ake ɗora aiki a kai a yanka, wuƙa mai kamar biro da 'yan rezojinta, burushi biyu masu gajeren gashi, soso, fentin yadi kala shida a 'yan mitsi-mitsin robobi, da kuma haruffan A zuwa Z da lambobi waɗanda aka riga aka huda. In gajarce muku, robar da faifan sun ci kuɗinsu, wuƙar ba yabo ba fallasa, fentin da haruffan kuwa an saka su ne kawai dan kwalin ya yi nauyi.

Robar nan gaskiya ta burge ni. Na je shagon masu kwamfuta aka buga min rubutun a takarda da girman da nake so, na shimfiɗa takardar a ƙasa na ɗora robar a kai na manne da salatif, ko kwafa da alƙalamin maka ban yi ba, kai tsaye na bi layin da wuƙa tunda ana gani tar. Ba ta yagewa, ba ta shan ruwa, in ka gama ka wanke da ruwa da ɗan omo ta dawo sabuwa. Kwalin kalanda ko na indomi ma yana yi, na gwada, amma bayan 'yan bugu kaɗan bakin hudar zai jiƙe ya yi laushi sai harafin ya fara fitowa da gashi-gashi a gefe, dan haka kwali na aikin sha yanzu magani yanzu ne. Faifan kuma amfaninsa biyu, tebur ɗinka ba zai ci wuƙa ba kuma bakin rezar ba ya saurin mutuwa kamar in a kan katako ko tayil kake yanka.

Sai dai fa akwai maganar da dole in faɗa. Wani dattijo mai rubuta allon shaguna a bakin layinmu da ya ga robar dariya ya yi, ya ce Hajiya ai mu tun da can da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti muke yi. Ya ba ni guda biyu, ya ce in jiƙa a ruwan bilic baƙin zai saki. Haka kuwa aka yi, baƙin ya wanke tas har da sunan mai hoton, ya bar roba shuɗiya-shuɗiya mai haske, kuma wallahi a wajen aiki bambancinsu kaɗan ne. Fim ɗin ya ɗan fi tauri, ya fi cin reza, in an daɗe da naɗe shi kuma yana ƙin kwanciya sai ka danne shi da littattafai ya kwana. Wanda yake da tsofaffin hotunan nan a ƙasan akwati bai da dalilin sayen roba, matsalar kawai yanzu wurare da yawa sun koma tura hoton a waya ko faifan CD, fim ɗin ya fara wuya.

Abin da takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta ko ambata ba, alhali shi ne rabin sana'ar, shi ne gada. Duk harafin da yake da rufaffen ciki, A, B, D, O, P, Q, R, da lambobi irin 0, 4, 6, 8, 9, in ka zagaye shi da wuƙa gaba ɗaya cikin zai faɗo ƙasa, O ɗinka ya zama baƙin ƙwallo kawai. Dole ka bar 'yar siririyar roba guda biyu, sama da ƙasa ko gefe da gefe, ta riƙe cikin da sauran jikin, shi ya sa rubutun jikin motoci yake fitowa a yayyanke, ba kwalliya ba ce. Ni da jan biro nake fara zana gadojin a takardar kafin in taɓa wuƙa, kuma kar a yi su sirara sosai, in ba su kai kaurin tsinken ashana ba soso zai tsinke su tun ba a je ko'ina ba. In ba ka son a ga tsagar a ƙarshe sai ka bari ya bushe ka cike da ɗan siririn burushi, amma ni na fi son in bar ta, tana da nata kyan. Ƙananan ramuka ake fara yankewa sannan manya, kuma a wajen lanƙwasa robar ake juyawa ba hannu ba.

Yanzu haruffan da aka riga aka huda. Na farko dai babu Ƙ babu Ɗ babu Ɓ, ko 'yar waƙafin sama babu. Ni kuma abin da zan buga "Walimar Saukar Alƙur'ani" ne da "Ɗaliban" makarantar, ka ga tun a layin farko an tsaya. Za ka iya buga K ka ƙara mata ƙugiya da burushi amma a jaka ɗaya ko biyu ne zai yi kyau, a jaka talatin kowace ƙugiya da inda ta dosa. Na biyu, harafi ɗaiɗai ake jerawa, ka buga W sai ka jira ta bushe kafin ka ɗora A a gefenta in ba haka ba robar ta kwashi ɗanyen fenti ta shafa maka a yadi, ga tazarar tsakani ba ta taɓa daidaita. Yanke layin gaba ɗaya a roba guda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Rubutun Larabci ma ya yiwu, mim da waw da ƙaf da sad duk suna son gada saboda kansu a rufe yake, ɗigon kuma da abin huda bel na yi su suka fito daidai wa daida. Amma ni dai ban saka aya a jikin jaka ba, abin da yara za su yar a ƙasa a zuba takalmi a ciki, sunan makaranta da shekara ya isa.

Fentin saitin ruwa-ruwa ne. A farin yadi ya fito ba laifi, a kan baƙi ko ruwan bula kuwa yana bushewa yake ɓacewa, jan ya koma kamar tabon da aka wanke. Kuma saboda rashin kaurinsa yana gangarawa ƙarƙashin robar. Na ajiye shi na je kasuwa wajen masu sayar da kayan buga riguna na sayo nasu mai kauri da ake aunawa a 'yar roba, fari da ruwan gwal, shi ne ya yi aikin. A yadi mai duhu ka fara buga fari ya bushe sannan ka ɗora kalar a kai ba tare da ka motsa sitensil ɗin ba.

Kuma ko da fenti mai kyau, yawansa shi ke ɓata aiki. Ka dangwalo da soso, ka daddanna a kan kwali har sai ka ga kamar ba komai a jiki, sannan ka zo kan robar kana dannawa sama da ƙasa kamar mai shafa hoda, ba ja ba, ba gogawa ba. Sau biyu sama-sama ya fi sau ɗaya mai yawa. Ka tura kwali a cikin jakar ko rigar dan kar ya huda ta baya, ka manne gefen robar da salatif na takarda, in za ka ɗaga kuma ka ɗaga a miƙe lokaci guda. Burushin saitin gashinsa na zuba, sosan katifa da na yayyanka ya fi shi. Da hunturu fentin kafin ka juya ya bushe a bakin hudar ya toshe ƙananan wurare, sai kana yi kana gogewa da ɗanyen tsumma.

Bayan ya kwana ya bushe sai guga, a shimfiɗa wani yadi a kai a danna dutsen guga na 'yan mintuna ba tare da yayyafa ruwa ba, zafin ne ke kama fentin da zaren. A yadin auduga da kanbas na wanke ya zauna daram. A yadin hijabi mai santsin nan kuwa ya fara ɓarewa tun wankin farko. Sabon yadi ma a fara wanke shi, sitacin kamfani yana hana fenti kamawa.

Babanmu da ya ji ina ta sitensil sitensil ya ɗauka irin na zamaninsu ne, tsohon malamin firamare ne, ya ce su takarda ce mai kakin zuma da ake bugawa a tafireta an cire ribon, haruffan su huda ta, a ɗaura a injin Gestetner a yi ta juya hannu jarabawa na fitowa, in an yi kuskure a shafa wani jan ruwa mai warin jan farce. Dabarar dai ɗaya ce. Masu adire, rinin yadi na Yarbawa, na Abekuta ma da ita suke wani nau'in aikinsu, su huda zane a falle na kwano su shafa ƙullin rogo ta hudar, in an tsoma a baba inda ƙullin ya zauna ya fito fari-fari, 'yan Japan kuma nasu da takarda mai tauri da ƙullin shinkafa. Wannan ɗin nake son gwadawa nan gaba in kai marinar Ƙofar Mata a tsoma min in gani.

Ita mai kayan ba ta da matsala wajen amsa saƙo, sai dai kayan sun wuce ranar da ta ce, fenti ɗaya ya zube a hanya ya ɓata takardar bayanin, kuma da na nemi ta sayar min da robar zalla ta ce sai dai saiti. Rezar wuƙar ma da suka ƙare ban samu irinsu a kusa ba, na koma shagon kayan asibiti na sayi rezar tiyata mai lamba 11 da mariƙinta mai lamba 3, ta fi ta saitin kaifi kuma ga araha, a dai ɓoye ta daga yara. In jaka ko riga ashirin zuwa talatin za ka yi, ko matashin kai na ɗakinka, sitensil ya ishe ka. In kuwa ankon biki ne na mutum ɗari biyu kar ka wahalar da bayanka, kai wa masu bugawa da allon raga su gama maka a yini ɗaya.