Wane kayan aiki ya dace ɗalibai su tara kundin aikinsu a ciki?

Malamin da ke koyar da rubuta shirin kwamfuta a Katsina, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ko a Kwalejin Hassan Usman, tambaya guda ya kamata ya yi wa kansa kafin ya zaɓi manhaja: idan ɗalibi ya miƙo kundinsa a ƙarshen zango, zan iya kunna shi a kwamfutata in samu irin sakamakon da ya samu? In ba haka ba, maki na me za a ba shi?

Da wannan ma'auni, Word da PDF a filash sun faɗi tun ba a je ko'ina ba. Kana ganin jadawali, ba ka ganin lissafin da ya haife shi.

Jupyter, manhajar rubuta shiri da bayani a shafi guda, ya fi daɗin hannu ga sabon shiga. Ɗalibi yana rubuta umarni da harshen Python a ƙananan akwatuna, sakamako na fitowa nan take. Sai dai akwatunan ba dole a bi su a jere ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Yaro ya kunna na bakwai, ya koma na uku ya sauya lamba, ya goge na biyar, amma abin da na biyar ya ajiye yana nan a ƙwaƙwalwar na'urarsa. A wurinsa komai lafiya lau, a wurinka saƙon kuskure ne ja wur. Dubi lambobin da ke gefen akwatunan, masu nuna jerin da aka kunna su: in ka ga 12 a sama, 4 a ƙasa, ka san an yi tsallake-tsallake. Wanda ya zaɓi Jupyter ya kafa doka, a sake kunna komai daga farko kafin a miƙa. Google Colab kuwa, wato irin Jupyter da ke kan intanet, sai da sabis, ga kuɗin data.

Ni Quarto, manhajar fitar da rahoto daga shirin kwamfuta, nake ba abokan aiki shawara a kai. Kamfanin Posit ya fitar da shi a 2022, magajin wata manhaja ne mai suna R Markdown. Bayani da umarnin harshen R ko Python suna zaune a fayil guda na tsuran rubutu, da alamomin tsara rubutu na Markdown da John Gruber ya ƙirƙira a 2004, waɗanda ɗalibi zai kama a zama ɗaya. Duk sanda aka ce ya fitar da rahoto, daga sama yake farawa har ƙasa, don haka abin da aka ɓoye sai ya fito fili. Kyauta ne, kuma ba ya neman intanet bayan an saka shi. Wahalarsa a sakawa take. Fitar da PDF galibi na buƙatar LaTeX, manhajar tsara shafi, cikakken kunshinta mai suna TeX Live kuwa gigabait da dama ne. A ɗauki TinyTeX, ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Malam ya sauko da shi sau ɗaya ya raba wa aji.

Overleaf, shafin rubuta LaTeX a intanet, ya yi wa 'yan lissafi, babu abin sakawa. Amma sabis na yankewa aiki ya tsaya, kuma galibi ɗalibi liƙo hoton jadawalin yake yi daga wani wuri.

Kowanne aka ɗauka, a haɗa da Git, mai adana tarihin sauye-sauyen fayil, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Ɗalibin da ke Daura zai adana sauye-sauyensa ba tare da sabis ba, ya tura GitHub, shafin ajiye aikin Git a intanet, in ya samu. Tarihin zai nuna wanda ya yi aiki tsawon zango da wanda ya zubo komai daren ƙarshe. Kada dai a ba yawan turawa maki, yara za su cika shi da shirme.

Wajen rabon maki, kaso mafi tsoka ya tafi ga ko aikin ya kunnu a na'urar malam. A duba ko ɗalibi ya rubuta hanyar fayil irin C:\Users da sunansa, wadda babu ita a ko'ina sai kwamfutarsa. Ko ya sa set.seed, umarnin da ke sa sakamako ya maimaitu, a inda aka yi zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi. Ko ya jera manhajojin da ya dogara da su a requirements.txt (na Python) ko renv (na R). Sannan a zaunar da shi minti biyar, a ce ya sauya lamba ɗaya a bayanan, ya faɗi abin da zai canza kafin ya danna.