Gargaɗi: mai tallan filet ɗin abo na bogi ya cinye wa ɗan'uwanmu N1,860,000

Jama'a, musamman masu kai wa otal-otal da gidajen abinci kifi a nan Legas, akwai wani mutum da ke yawo a WhatsApp da Facebook yana tallan filet, wato tsokar kifi zalla ba kai, ba ƙaya, ba fata, na kifin sol, wanda Yarbawa ke kira abo, katan mai kilo 10 a kan N62,000. Ɗan damfara ne. Ya karɓi kuɗin katan 30 a hannun wani ɗan'uwanmu na Agege, N1,860,000 cif, ya aiko masa da tarwaɗar Biyetnam da ƙanƙara.

Kada wani ya zo mana da zancen araha ba ta ado. Wannan ɗan'uwan namu ba yau ya fara taɓa kifi ba, kuma duk abin da ɗan kasuwa mai hankali ke yi ya yi. Ya nemi bidiyo, an turo. Ya nemi samfur, an aiko da kilo 2, kuma samfurin nan abo ne na gaskiya, duk wanda ya gan shi a cikinmu zai iya dafa Alƙur'ani a kai. Ga kuma saƙon muryar da ya kashe masa jiki: "Alhaji, kada ka turo ko kwabo sai ka ga samfur, amana ce tsakaninmu." Wannan maganar ce. Mutum da bakinsa yana ce maka kada ka biya! Wa zai ji haka ya kawo sata a ransa?

Da otal ɗin da ɗan'uwanmu ya kai wa kayan suka dawo da su, mai dafa abincinsu ya ce tsokar ta yi ta zubar da ruwa a kasko, ta ƙi soyuwa. Amma tun kafin nan, ranar da aka sauke kayan, an riga an ga katan ɗin ba su da sunan kifi, ba sunan ƙasa, ba nauyin tsoka bayan cire ƙanƙara, sai "10kg" da aka rubuta da alƙalamin maka. Direban ma bai tsaya an buɗe ba, wai ana jiransa a Ijora. A lokacin kuɗin sun riga sun tafi, don rabi aka fara turawa, N930,000, sauran rabin kuma da mota ta taso. Lambar ta daina shiga ne bayan alat na biyu.

Ga inda suke samun mu. Abo na cikin dangin kifayen da ke kwanciya a ƙasan teku ta gefe ɗaya, kuma danginsu sun kai wajen iri 800 a duniya. Idan aka ƙyanƙyashe su, ido ɗaya a dama ɗaya a hagu kamar kowane kifi. Suna ɗan tasawa sai ido ɗaya ya zagayo ya haɗu da ɗan'uwansa, kifin ya kwanta a kan gefen da ba ido, gefen nan ya zama fari, na sama ya ɗauki launin yashi. Abon da masunta ke kawowa Makoko da Epe yawanci mai kama da harshen saniya ne: dogo, falale, ya tsuke har wutsiya. Idanunsa ƙanana, duka a hagu. Ajiye shi idanu a sama, gefen cikinsa yana kallonka, za ka ga kan ya nufi hagunka. Bakinsa a karkace yake a ƙasan kai, fiffiken baya da na ciki sun zarce sun haɗe da wutsiya ba rabuwa, kuma ba shi da fiffike a bayan kai. Da kansa da fatarsa, ba mai iya yi maka musanye. Shi ya sa ɓarayin nan ba sa sayar da shi ɗungurungum, sai filet.

To ko a filet ɗin ana ganewa. Kifi falale filet huɗu ake cirewa a jikinsa, biyu a sama biyu a ƙasa, ana bin layin tsakiya da wuƙa. Kowanne siriri ne, bai fi faɗin yatsa biyu zuwa uku ba a matsakaicin abo, tsokar da tauri, tsiririyarta ƙanana. Abin da aka kawo wa ɗan'uwanmu kuwa mai kauri ne, mai faɗin tafin hannu, da laushi laƙwas, ga wani layi ja-ja a tsakiya, kuma duk girmansu ɗaya, alamar daga masana'anta suka fito. Sunansa pangasius, wasu su ce basa, tarwaɗar ruwan daɗi ce da ake kiwo a yankin kogin Mekong. Kifi ne halal, ana cinsa ko'ina, amma ba abo ba ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. A samfur ɗan damfarar ya aiko da abo, a katan ya zuba wannan. N1,860,000!

Sai kuma ƙanƙara. Ana yi wa filet rufin ƙanƙara kaɗan don kada firiza ta busar da shi, wannan ba laifi ba ne. Su kuwa tsomawa suke yi a ruwa su daskarar, su sake tsomawa. Wasu ma tun a masana'anta ake jiƙa tsokar da sinadarin fosfet don ta sha ruwa ta yi nauyi, shi ne idan ta narke za ka ji tana santsi a hannu, a kasko kuma ta tsiyaye ta ƙanƙance. Gwajin ba wuya: ɗora shi a sikeli yana daskare, riƙe shi a ruwan famfo mai sanyi har ƙanƙarar waje ta fita amma tsokar ba ta narke ba, bar shi a rariya minti 2, sake aunawa. Katan ɗin da aka gwada ya dawo kilo 6.4. Wato kilo 300 da aka biya, kilo 192 ne, kuma na wani kifin daban.

Farashin da ya yanka ma da wayo ya yanka shi, bai faɗo ƙasa sosai yadda za a zarga ba. Ya ce wani kamfani ne ya fasa oda, ɗakin sanyinsa ya cika, ga kuɗin dizal. Wane ne a cikinmu bai taɓa karya farashi saboda dizal ba? Sai dai idan ka cire kai, ƙaya da fata, abin da ke saura a abo bai kai rabin nauyinsa ba, don haka dole kuɗin filet ya fi na ɗungurungum nesa ba kusa ba.

Yanzu ya canza hoto da suna, yana tallan wai Dover sol daga Turai. Ku duba hoton da kyau, abonmu ne na gida. Na Turai idanunsa a dama suke, yana da ɗan fiffike a bayan kai mai ɗigon baƙi, wutsiyarsa kuma a zagaye take.

An kai ƙara wurin 'yan sanda, an kuma sanar da banki. Hotunan hirar, rasit biyu na N930,000 kowanne, saƙon muryar nan da bidiyon awon duk suna hannunmu, za mu saka su da zarar an rufe sunan ɗan'uwanmu a jiki. Allah ya isa.

Kada ku tura kuɗi a kan samfur. Ku je ɗakin sanyin da ƙafarku, ku zaɓi katan daga tsakiyar lodi, ku narkar, ku auna, sannan ku biya.