Ruwa na ɗiga daga tiyon bangon gida: kafin ka sayi komi, san ruwan wa ne

Jama'a wanga abu ya daɗe yana damuna shi ya sa na ce bari in rubuta. Ka zagaya unguwannin Maraɗi, Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari, kusan kowane gida za ka ga bakin tiyo biyu ko ukku sun leƙo ta bango, wani na ɗiga dare da rana, gindin ginin ya yi kore siminti na ɓarewa, kuma in ka tambayi mai gida daga ina ruwan nan yake hitowa sai ya ce wallahi haka ya tarar da shi. Ranar da abin ya ishe shi sai ya tafi kasuwa ya ɗauko tiyo da siminti ya kira magini a fasa bango. Ni shawarata kar ka hidda ko dala sai ka gane ruwan.

Hanya ta farko kyauta ce kuma ita na fi so: kontar ɗin ruwanka. Rufe duk pampunan gida, ka gaya ma uwargida da yara kar kowa ya taɓa ruwa, ka je ka tsuguna gaban kontar ka zuba ma ƙaramin abin nan mai juyawa ido. In yana motsi alhali komi a rufe yake, to ruwan da kake biya ne ke zuba. In kana son tabbaci rubuta lambar da dare ka sake dubawa da asuba. Kar ka raina ɗigo, ɗigo guda kowace daƙiƙa na kai kusan lita 20 a rana, bido guda ke nan kullum, kuma mita kib guda da kake gani cikin takardar ruwa lita 1000 ce. Amma kontar bai gaya maka wurin, kuma in rijiya ko foraj gare ka to bai da amfani gare ka.

Sai ido da hanci. Ruwan wanka da wanki yana zuwa ne lokaci lokaci, fari-fari da kumfa da ƙamshin sabulu. Na kicin da maiƙo da guntun tsaki. Wanda ke hitowa garau ba wari ta siririn tiyo, kuma sai an kunna kilim, wannan raɓar da na'urar ke tatsa daga iska ce, cikin Agusta da iska ke da laima yana yawa ƙwarai, cikin hunturu kusan babu, ba ɓarna ba ce. In kuma ruwan garau ne amma sai tsakar dare yake kwarara, duba tankin sama, dare ne ruwan pampo ke da ƙarfi, in fulotar, wato abin da ke rufe ruwa in tanki ya cika, ta lalace tanki ya cika sai ya yi ta amai ta tiyon rara. Na indararo shi sananne ne, sai an yi ruwan sama, amma in kwana biyu bayan ruwa yana nan yana tsiyaya to ganye da rairayi sun toshe hanya ruwa ya kwanta bisa rufin, hau ka share tun bai ratsa ɗaki ba.

Wadda ta warware mani matsala ita ce bula, bular wanki dai da ake saidawa kowane tebur. A gidan da nake haya mun yi wata biyu muna zargin makewayi saboda gologon waje kullum cike. Na kwaɓa bula cikin bokiti na zuba a makewayi, na tsai da yarona waje na ce in ka ga shuɗi ka kira ni, shiru. Munka bari ruwan ya wuce, na zuba a wurin wanke-wanke, ko minti biyu ba a yi ba sai ga shi da gudu Baba ya hito, ya hito ta na ƙasa! Ashe tiyon kicin ne ya tsage cikin ƙasa kusa da bango. Sharaɗin kawai wuri guda a lokaci guda, in ka zuba ko'ina tare ka ɓata gwajin.

Mai gyaran pampo shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Kira shi bayan ka yi waɗancan, ka ce malam kontar na juyawa, ko bula ta hito nan, sai ku yi ciniki kan aiki sananne. Wanda ya zo bai tambayi kontar ba ya fara neman guduma, ka ba shi haƙuri. Sai dai in ruwan baƙi ne mai ɗoyi, wannan na masai ne ko fos, wato ramin masai, ta cika, a nan ba jira, kira shi yau ka hana yara wasa wurin, ba mu manta kwalarar 2018 da ta taso ta Madarunfa ba, ga kuma sauro.

To sayayya. In fulotar ce, ita kaɗai za ka canza, kwance tsohuwar ka tafi da ita shago don girman ya dace. In kilim ne ƙara masa siririn tiyo ya kai gindin icce ko bokiti. In tiyon fidda ruwa ne, tiyon roba na PVC mai faɗin milimita 40 ko 50 na isar wurin wanke hannu da kicin, masai kuwa sai 100 ko 110, kar a rage. Akwai mai kauri akwai mai shara-shara, matsa shi da hannu a shagon, wanda ya lotsa bar masu abinsu, ranar Maraɗi na gasa shi ya yi ƙwaras, kuma ƙarƙashin ƙofa inda babur ke hawa ba ya shekara. Na ruwan pampo shi daban ne, mai jure matsi, kar ka yarda a sa maka na fidda ruwa a madadinsa don ya fi araha. Sayi gam ɗin PVC tare, haɗin da anka yi da wuta da guntun roba nan ne ke fara ɗiga. Kuma a shimfiɗa shi da ɗan gangare, kamar santimita 2 kowace mita, bakinsa ya yi nesa da gindin bango musamman in ginin laka ne.