Wata takwas da sabon sef: abin da na karanta a bayan ƙofarsa

Sef ɗin farko da na saya, wato akwatin ƙarfe na adana kaya masu daraja, nauyinsa ne ya ruɗe ni. Sai da ƙarti biyu suka kama kafin ya shiga ɗaki, ga ƙofa mai kauri, ga hoton harshen wuta a jikin kwalin. Na zuba takardun gida, fasfo da gwala-gwalan iyali, na riƙa barci har da minshari. Rannan wani mai gyaran makullai ya zo yi mini aiki, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ce: "Maigida, wannan ai ba don ɓarawo aka ƙera shi ba." Ashe ƙarfen jikin falle ne siriri, nauyin duk na abin da aka ɗura a tsakiya ne don tare zafi.

Da zan sake saye, sai na ƙyale kwali, na buɗe ƙofa na nemi ɗan farantin da masu gwaji ke maƙalawa a ciki. Wanda nake amfani da shi yanzu shaida biyu gare shi, duka daga cibiyar gwaji ta UL da ke Amurka.

Ta ɓarawo ita ce RSC, wato ya jure wa mutum ɗaya na minti 5 da kayan hannu irin su guduma da kurfi. Da farko na raina minti 5 ɗin, har na gane yadda ake lissafinsu: agogo ba ya tafiya sai lokacin da kayan aiki ke jikin sef, kuma mai gwajin ƙwararre ne da ya san ƙirarsa. Duk da haka ƙaramin mataki ne. Raina ya so mai TL-15, wanda ƙofarsa ke jure minti 15 har da injin huda, amma irinsu kan haura kilo 340, ni kuwa a bene nake zaune. Akwai TL-30x6, shi kuma duk fuskokinsa shida ake gwadawa na minti 30. Idan ƙirar Turai ce, sai a duba ma'aunin EN 1143-1, matakansa suna farawa daga 0 suna hawa. S1 da S2 na EN 14450 suna ƙasa da su.

Shaidar gobara ta fi ba ni natsuwa. An rubuta 350, awa 1. Ana jefa sef a tanderu na tsawon awa ɗaya har zafi ya kai digiri 927 a ma'aunin Salshiyas, cikinsa kuma kada ya wuce 177 (350 ɗin na Faranhait ne), don takarda ba ta babbakewa a nan. Ko an kashe wutar, a cikin tanderun ake barinsa ya huce ana ci gaba da aunawa, domin ƙarfe kan riƙe zafi ya tura shi ciki daga baya. To amma wannan alkawari na takarda ne kawai. Na cire filash da faifan kwamfuta da na ajiye, don kayan adana bayanan kwamfuta matakin 125 ake nema musu, inda ciki ba ya wuce digiri 52.

Abin da ya fi ba ni haushi danshi ne. Abin da ke tare zafin yana ɗauke da ruwa wanda ke zama tururi idan gobara ta tashi, kuma ko ba gobara yakan saki laima. Wata biyu kacal, takarduna suka fara warin rima. Yanzu na sa ƙullin ƙwayoyin silika masu shanye danshi, ina buɗe ƙofar duk mako ta sha iska. Makullin lambobi bai taɓa ba ni matsala ba, batir sau ɗaya na canza. Cikinsa dai ya fi ƙanƙanta fiye da yadda ido ke gani daga waje, bango ya cinye wurin.

Na ɗaure shi da noti huɗu a daɓen siminti, domin wanda ya kasa buɗewa yana iya sungumarsa ya je ya fasa a tsanake. Don takardu da 'yan kayan ado, na gamsu da shi. Mai ajiye kuɗin kasuwanci kuwa ya fara tambayar kamfanin inshorarsa matakin da suke karɓa, ba na jin RSC zai ishe shi.